Kafin ku sayi sabon makirfo

Masu ɗaukar murya a gida, ku dubi ɗakin tukuna. Bangon siminti da tayel suna maido da sauti, sai makirfo ya kama muryarku haɗe da wadda ta dawo daga bango. Shi ya sa ake jin ta kamar daga cikin rijiya. A situdiyo an lulluɓe bango da abin da ke shanye sauti. A gida, ƙaramin ɗaki mai katifa, kafet da labule mai kauri ya fi babban falo nesa ba kusa ba. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, wahala ce kawai.

Ku bar santimita 15 zuwa 20 tsakanin baki da makirfo, ku ɗan karkata shi gefe don kada iskar baki ta buge shi. A kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Kada ƙarfin sauti ya haura -6 dB a ma'aunin sauti na manhaja ko na'urar ɗauka, domin muryar da ta fashe wajen ɗauka da wuya ta gyaru.

Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, ya rage ingancinsa. In za ku tura wa wani muryar, ku tura ainihin fayil ɗin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba.