Abin da filin sharhin littattafai ya koya mini kafin in bar shi

A ƙarshen watan jiya na miƙa takardar ajiye aiki a gidan rediyon da nake gabatar da filin sharhin littattafai na daren Juma'a, kuma tun daga ranar abokan aiki da masu sauraro ke tambayata dalili, wasu a waya, wasu idan mun haɗu a Kasuwar Dole. Waɗanda suka san gidan sun san yadda filin yake tafiya, saboda haka ba zan tsaya bayanin karɓar littafi da ɗaukar murya da amsa kiran jama'a ba. Abin da nake so in ajiye a rubuce shi ne abin da na fahimta game da sharhi kansa, domin amfanin wanda zai gaje ni da matasan da suka fara gwada alƙalaminsu a wannan fanni, kuma kusan duk fahimtar ta zo mini ne daga littafi guda da abin da aka yi wa sharhinsa.

Littafin labarin soyayya ne da aka gina a cikin Birni, tsohuwar unguwar garinmu Zinder, a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun. Wata Hajiya ce ta rubuta shi, ana sayar da shi a kan jaka guda, mai saye ya aika kuɗin, a tura masa littafin cikin wayarsa ta WhatsApp, kamar yadda yawancin littattafan Hausa ke yawo a yanzu. Tsakani da Allah marubuciyar tana da baiwa. Zancen da take sanyawa a bakin tsofaffin mata zance ne da duk wanda ya tashi a gidan gandu zai rantse ya taɓa ji, kuma akwai babin da ta kwatanta rumfar dukawa, da warin jima da yadda ake zare fata ja a saƙa ta a kan kube, wanda na karanta wa iyalina da ƙarfi saboda daɗinsa. Matsalar tana kashi na ƙarshe, inda ta kawo hafsan Faransa har cikin fadar Tanimun suna musayar magana, kuma a kan wannan ganawa ta ɗora warwarar labarin baki ɗaya. Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma sa aka ƙera igwa a garin nan, ya rasu a 1884. Hafsan Faransa Kyaftin Kazamaju bai iso Damagaram ba sai a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, inda aka kashe shi, sannan a shekarar da ta biyo baya, 1899, aka gwabza yaƙin Tirmini tsakanin Faransawa da Damagarawa. Shekara 14 ke tsakanin rasuwar sarkin da zuwan baturen. A shafin rufewa kuma jikan jarumar yana cewa Zinder ce hedikwatar ƙasar Nijar har zuwa samun mulkin kai, alhali tun 1926 aka mayar da ita Yamai.

Mai ƙaga labari yana da ƴancin ƙirƙirar masoya da gidaje da bayi da fatake, kuma da a nan ta tsaya da ban ce uffan ba. Abin da ya wajabta mini magana shi ne rubutun da ke bangon littafin, inda aka ce labari ne na gaskiya daga tarihin Damagaram. Daga lokacin da marubuci ya yi wannan iƙirari ya ba mai sharhi ma'aunin da zai auna shi da shi, kuma na san cewa cikin masu sauraronmu akwai ƴan makaranta da za su kwashi abin da suka karanta su kai shi ɗakin jarrabawa. Na koma ga aikin da André Salifou ya wallafa a 1971 a kan Damagaram ta ƙarni na 19 na tabbatar da shekarun, na rubuta lambar kowane shafi, sannan na tsara sharhin yadda na saba: yabo da farko tare da karanto wuraren da suka cancanci yabon, sai gyara da hujjarsa, sai hukunci a ƙarshe. Hukuncin jimla ɗaya ce mai gaɓa biyu. Na ce duk mai son labarin soyayya da Hausa mai daɗi ya sayi littafin nan ba zai yi nadama ba, wanda kuma yake neman tarihin garinsa ya nemi wani wuri har sai an gyara bugu na gaba.

Da yake ina da ɗaurin aure a Mirriya a ƙarshen makon, na ɗauki shirin tun ranar Laraba na bar shi a hannun mai haɗa sauti. A can na saurare shi, zaune cikin dangi, da ƙaramar rediyo a tsakiyar tabarma. Muryata ce, kalmomina ne, amma duk gyaran ya ɓace. An yanke daga inda na ce "sai dai kuma", an haɗa da gaɓar farko ta hukuncin, an jefar da ta biyu, aka cike giɓin da kiɗa da tallar wani kantin kayan gini. Wanda ya ji shirin a daren nan ya ji ni ina shaida wa Damagaram kaf cewa littafin ba shi da aibi.

Ranar Litinin na shiga ofishin shugaban shirye-shirye. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa mini sharhi?" Bai ɗago daga takardun gabansa ba ya ce, "Ƙanena, zauna tukuna ka huce. Maigidan Hajiya ne ke ɗauke da nauyin filin nan tun bara, kuma man da injin wuta ke sha idan an ɗauke lantarki daga aljihunsa yake fitowa. Ba a sa maka ƙarya a baki ba, duk abin da ya fita kai ka faɗe shi." Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma har yanzu idan na tuna ta sai in ji ta sabuwa, domin a zahiri gaskiya ce, a baɗini kuwa babu ƙaryar da ta kai ta. Sharhin da aka cire wa rabi ya tashi daga sharhi ya koma talla, kuma tallar da aka liƙa wa sunan mutum ba da saninsa ba cin amana ce.

Ba na musun cewa gidan rediyo mai zaman kansa yana rayuwa ne da talla da sanarwar aure da suna da rasuwa, kuma na san watannin da albashi ya yi jinkiri. Amma hanyoyi na gabansa a buɗe. Yana iya ajiye shirin ya sa maimaici, yana iya kirana ya ce littafin nan mu bar shi, yana iya ba wani ya karanta yabon a matsayin talla da sunanta na talla. Ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi da na yi fushi na kwana biyu na haƙura. Ya zaɓi wadda ba za ta ci masa komai ba, ta cinye ni ni kaɗai.

Abin bai tsaya nan ba. A Juma'ar da ta biyo baya, da muka buɗe layi, wani malamin tarihi ya kira cikin ladabi ya ce, "Malam, don Allah ka karanta littafin nan har ƙarshe kuwa?" Ya jero shekarun nan guda-guda, daidai da waɗanda ke cikin takardar da ke gabana. Na ɗaga kai na ga shugaban a bayan gilashi yana girgiza mini yatsa. Na yi wa malamin godiya, na ce gyaransa daidai ne, aka sa kiɗa. A taron ma'aikata na makon kuma, a gaban kowa har da ɗaliban da suka zo koyon aiki, shugaban ya ja hankalin masu gabatarwa da su riƙa zurfafa bincike kafin su yabi abu, don kada a riƙa kunyata gidan. Bai kalle ni ba, ba ya kuma buƙatar ya kalle ni. Mai haɗa sautin, yaro ne ƙarami mai iyali, ya same ni a bakin ƙofa ya ba ni haƙuri, ya ce umarni aka ba shi, kuma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Ɓarnar da ban hango ba ita ce wadda ta faɗa kan wasu. A fadojin da ake sauraron filin ana shan shayi, magana ta bazu cewa an ba ni na goro, kuma da zarar an yarda da haka sai aka koma baya ana tuhumar duk littafin da na taɓa yaba. Akwai wata yarinya da ta rubuta littafinta na farko, na yabe shi don ya cancanta, ta kira ni tana cewa masu saye sun ja baya, wai sun ce yabon rediyo na kuɗi ne. A nan na gane cewa darajar yabon mai sharhi tana rataye ne da sanin da jama'a suka yi cewa yana iya cewa a'a. Mutumin da zai cire jaka guda daga kuɗin cefane ya sayi littafi shi ne mai haƙƙi na farko a kan sharhi, kafin marubuci, kafin mai ɗaukar nauyi, kafin gidan da ke biyan albashi. Saboda haka shawarata ga duk mai wannan aiki, a rediyo ne ko a jarida, ita ce ya ajiye asalin abin da ya rubuta ko ya ɗauka a wurin da hannun kowa ba ya kaiwa, kuma ya nemi a rubuta masa tun ranar farko cewa ba za a rage komai ba sai da saninsa. Idan shugaba ya ce tsakaninmu ai ba sai an rubuta ba, to wannan ne shugaban da ya fi kamata a sa ya rubuta.

Sauran darussan ba su zo da zafi irin wannan ba, amma suna da amfani. Sharhin da babu misali a cikinsa ba ya taimakon kowa: idan ka ce salo ya yi rauni, karanto jimlar, faɗi shafin, nuna yadda za ta miƙe. Yawancin masu kiran waya kan ce littafi ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira, wannan kuwa addu'a ce mai kyau amma ba ta gaya wa marubuci inda zai ƙara ƙoƙari. Da na fara tambayarsu wane wuri ne ya yi daɗin, kuma me ya sa, sai ga shi cikin ƴan watanni wasunsu sun zama masu sharhin da nake jiran kiransu. Wanda ya saɓa maka a bar shi ya kai aya kafin a amsa masa, domin sau da yawa shi ne ya karanta da kyau.

A bambanta kuskuren rubutu da karin harshe. Raba kalmomi da haɗa su, da sanya lanƙwasa a kan haruffan da ke buƙatarta, ƙa'idoji ne da ake gyarawa, kuma Nijar tana da dokar rubutun Hausa tun 1999 da za a iya komawa gare ta. Amma idan tsohuwa a cikin labari ta yi Damagaranci, ba kuskure ta yi ba, kuma na sha jin masu sharhi suna ƙirga irin wannan cikin laifuffukan marubuci don kawai ba haka ake faɗa a Kano ba.

Kada a yi hukunci da babukan farko da ake rabawa kyauta, domin a nan kowa ke zuba gwanintarsa. Kada a tona ƙarshen labari. A soki littafi a bar mai shi, da aurenta da iliminta da garinsu. Idan marubuci abokinka ne ka faɗa tun farko, ko ka miƙa wa wani. Ambulan da ake kawowa da sunan kuɗin mai a mayar da shi cikin fara'a. Ni dai ban taɓa karɓa ba, ko da yake hakan bai hana a ce na karɓa ba.

Ga wanda zai gaje ni, littattafan da ban kai gare su ba suna cikin aljihun teburin situdiyo na hagu. Ka fara da na ɗalibin nan da ya gina labarinsa a kan ƴan garuwa da wahalar ruwan da kowa a garin nan ya sani. Tsakiyarsa ta yi tsawo, kuma ya bar wata jaruma a asibiti bai sake waiwayarta ba, ka gaya masa haka da lambar shafi, zai ji. Ka gabatar da shi kai tsaye, kada ka ɗauka ka bar wa kowa, ko da kuwa tafiya ta kama ka. Gara a sa maimaici. Asalin sharhin da aka yanke yana wurina cikakke, na kuma tura wa malamin tarihin nan da Hajiya kowa nasa. Hajiyar ta amsa da cewa ita ba ta nemi a cire komai ba, kuma za ta gyara shekarun a bugu na biyu. Shugaban kuwa ya sa hannu a takardata ba tare da ya tambaye ni dalili ba.