Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Muka Tayar da Motar Malam

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a wajen rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama. An raba gida da gona da littattafansa ba tare da an ji kan kowa ba, sai aka zo kan mota, kowa ya yi shiru. Peugeot 504 ce fara, wadda Malam ya saya tun zamanin Shagari yana koyarwa. Tunda ƙafa ta matsa masa ya daina tuƙi take ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida. Tayoyinta sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta makwanci. 'Yan gwangwan har sun zo sun taya, kuma kuɗin nauyin ƙarfe suka taya, ba kuɗin mota ba. Da na ji haka na ce a saka min ita a cikin rabona. A lokacin na dawo daga bautar ƙasa ke nan, ba aikin fari balle na baƙi, abin da nake da shi da yawa shi ne lokaci.

Wanda ya ƙarfafa min gwiwa shi ne Kawu, yayan Inna. Tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan 504 a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce jikinta bai ruɓe ba, sauran kuwa duk mai sauƙi ne. A nan Kakuri ta Kaduna aka haɗa ta, a kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ya fara aiki a 1975, kuma saboda yawan da ta yi a ƙasar nan a lokacin babu abin da za ka nema nata ka rasa a kasuwar Panteka ta Kaduna, sabo ko na hannu. Ya ce min, "Ɗana, Fijo ba ta ɓoye ciwonta. In ka bi ta a hankali da kanta za ta nuna maka."

Bai bari mun taɓa makulli ba a ranar farko. Motar da ta daɗe a tsaye ba a yi mata kik kai tsaye, domin mai ya riga ya tsiyaye daga jikin silinda, ringi na iya kamawa. Muka kwance filogi huɗun, muka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, muka bar shi ya kwana. Washegari muka saka sifana muka juya injin da hannu, ya ɗan yi tauri sannan ya saki. Muka zubar da tsohon baƙin mai, muka sauya filta, muka wanke lagireto, muka ɗaure wayoyin da ɓeraye suka gaigaye. Kwantak ɗin cikin distiributa, mai rarraba wa filogi wuta, ya yi tsatsa, Kawu ya goge shi da sanfefa mai laushi ya daidaita tazararsa a kan 0.4 na milimita. Wajen mayar da wayoyin filogi ya sa na haddace jerin wutar, 1-3-4-2, ya kuma ja min kunne cewa a wannan injin silinda ta ɗaya ita ce ta can baya wajen giya, ba ta gaba wajen fanka ba. Muka aro batir, muka zuba galan ɗaya na fetur, ya ja cok. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Inna ta fito bakin zaure ta tsaya tana kallo, ba ta ce komai ba sai "Allah Ya jiƙan mai ita."

Na zaci an gama. Muka gyara birki, na sayi tayoyi na hannu, na fara fita da ita cikin garin Zariya. A nan ne ainihin ciwon ya bayyana. Da safe tana tashi da bugu ɗaya, ta yi tafiya lafiya lau. Sai ka ɗan miƙa hanya ka taka totur, ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, ta mutu. Ka yi ta kik ba za ta amsa ba. In ka ƙyale ta ta ɗan huta, sai ta tashi kamar ba ita ba, ka yi gaba kaɗan ta sake maimaitawa. Ta yi min haka a hanyar Samaru, ta yi min a kusa da Kwangila da yamma lokacin cunkoso, sai da 'yan acaba suka taya ni turawa gefe.

Kawu ya yi tafiya ƙauye a lokacin, don haka na kai ta wani gareji. Bakaniken ya saurari labarina, bai ko tayar da ita ba ya ce zafi ne, kwayil ne ke ɗaukar zafi ya daina ba da wuta. Aka sauya kwayil. Ba ta daina ba. Ya ce kwandansa ne, aka sauya. Da na koma ya ce to injin ne ya gaji, sai an sauke shi an sa ringi da gaskit, ya lissafa min kuɗin da ya ninka abin da 'yan gwangwan suka taya motar gaba ɗaya. Ba na cewa mutumin mugu ne, kuma abin da ya faɗa game da kwayil yana faruwa da gaske. Abin da ya dame ni, wanda har yau yake damuna in na ga ana yi wa wani, shi ne bai taɓa ganin motar a lokacin da ta mutu ba. Da aljihuna yake gwaji. Talaka da yawa sun rabu da motocinsu masu sauran amfani ta wannan hanya, ana sauya masu abin da lafiyarsa ƙalau har kuɗi ya ƙare su haƙura.

Da Kawu ya dawo na zayyana masa komai. Tambayar farko da ya yi min ita ce, "In ta mutu, allurar zafi tana hawa?" Na ce a'a, tana tsakiya. "Ruwa yana raguwa a lagireto? Hayaƙin salansa shuɗi ne ko fari?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce to a bar injin ya sarara, wanda ringinsa ya mutu ba ya warkewa don an huta minti goma, ga shi kuma hunturu ake yi. Ya ce in ɗauko sukudireba da filaya da ɗan galan, mu fita mu neme ta da faɗa, domin ciwon da ke zuwa ya tafi ba a kama shi sai yana kan jiki.

Muka ɗauki hanyar Funtuwa, ni ke tuƙi yana gefe ya karkata kunne. Ba mu yi nisa ba ta fara fizga. Ta mutu, na gangara gefen titi, kafin na gama jan birkin hannu har ya buɗe bonet. Injin fetur irin wannan abu uku yake so, wuta da mai da iska, kuma Kawu bai tsallake ko ɗaya ba. Ya zare babbar wayar da ta fito daga kwayil zuwa tsakiyar distiributa, ya riƙe ta da filaya mai roba, ya kusantar da bakinta jikin injin, ya ce in yi kik. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tana tas-tas-tas. Ya ce, "Ka gani? Kwayil ɗinka na dā ma babu abin da ya same shi." Ya mayar da ita. Sai ya kwance murfin iyakilina, wato matatar iska, ya ajiye, ya sa ni na leƙa cikin maƙogwaron kafireto, inda mai ke gaurayuwa da iska, ya ja sandar totur da hannu. A ƙa'ida duk lokacin da aka ja ta akwai ɗan siririn bututu da ke tsartuwar fetur a ciki, kana gani da idonka. Ya ja, ya sake ja, ko ɗigo babu. Kafireto ta bushe ƙamas alhali akwai mai a tanki.

Saura a san inda man ya tsaya: famfon mai ne ya gaza, ko hanyar ce ta toshe kafin ta iso shi. Ya fara buɗe murfin tanki yana saurare, domin in ƙofar shan iskar tanki ta toshe za ka ji ya ja numfashi da ƙarfi, kuma wannan ma yana kashe mota a irin wannan yanayi. Ba mu ji komai ba. Sai ya zare tiyon da ya taho daga tanki zuwa famfo, ya goge bakinsa, ya tura ni baya in kasa kunne a bakin tanki, ya hura. Da farko kumatunsa suka cika iskar ta ƙi wucewa, can sai na ji ɓul-ɓul-ɓul a cikin mai. Ya mayar da tiyon, na yi kik sau kaɗan ta tashi, injin kuwa yana nan da zafinsa bai huce ba.

Bai yarda ya yanke hukunci a kan wannan kaɗai ba. Da muka dawo gida ya sa tiyon famfo a cikin galan mai tsabtataccen fetur, ya bar ta tana aiki a tsaye yana ba ta wuta har ta wuce lokacin da ta saba mutuwa nesa ba kusa ba, ko gezau ba ta yi ba. Famfo ya kuɓuta, kafireto ta kuɓuta, laifi ya koma kan tanki. Ya bayyana min yadda abin yake. Motar ta shekara da shekaru da tanki kusan wayam, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa, raɓa tana taruwa a jikin ƙarfen daga ciki har ya yi tsatsa. Tsatsar tana ɓamɓarowa ta kwanta a ƙasa. In mota tana tafiya mai yana girgiza, famfo yana zuƙa, sai ɓarɓashin ya taru ya manne a bakin bututun, kamar yadda ganye ke toshe bakin rariya in ana ruwan sama. Da injin ya mutu zuƙar ta tsaya, sai ya saki a hankali ya koma ƙasa. Hutun da take yi na sakin dattin ne, mu kuma muna ɗauka hucewa take yi.

Sauke tankin ya faɗo daidai farkon Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 ta haura 140, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki. Gari ya tsaya cak, babu inda za a je, sai muka duƙufa. Kawu ya shiga cikin gida da kansa ya ce, "Ke da yaran nan, yau kada wanda ya hura wuta ta wajen zaure, ko garwashin turare ban yarda ba." Inna ta ce, "To Yaya, an ji." Ya cire kan batir tun kafin mu taɓa noti ɗaya. Ya sha nanata min cewa tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururin da ke ciki, kuma duk mai waldan da ya ce zai sa wa tankin fetur wuta haka nan, in bar masa wurin da gudu.

Man da muka tsiyaye ja ne kamar an jiƙa jar ƙasa, da ruwa kwance a gindin roba. Da tsadar da ake ciki ban iya zubar da shi ba, na tace shi da tsumma muka riƙa wanke ƙarafa da shi. Muka kwance tankin daga ƙarƙashin but, muka cire fulot ɗin geji, muka zuba tsakuwa mai kaifi da ɗan kananzir, ni da ƙanena muka kama gefe da gefe muna jijjigawa har kafaɗunmu suka yi tsami. Abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara, ɓawon tsatsa faffaɗa da yashi, har da wani guntun tsumma da aka taɓa toshe bakin tankin da shi a wani zamani. Muka yi ta ɗauraya har abin da ke fitowa ya yi fari, muka ƙirga tsakuwarmu ta fito cif, muka shanya shi a rana. Da ya bushe Kawu ya haska tocila ya gano wani ɗan ƙaramin huji a kusurwa inda tsatsa ta cinye. Ya ce a kan hanya direbobi da sabulun wanki suke murje irin wannan ya kai su gida, amma tunda muna gida sai muka kankare wurin muka like da gam mai haɗi biyu.

Bututun da ya taho daga baya zuwa gaba muka hure shi da famfon keke. Kafireto ma muka buɗe ta a kan faranti don kada ƙananan kayanta su ɓace a ƙasa, muka tarar da jan laka a kwance a gindin kofin fulot. Na ɗauko siririyar waya zan zura a ramin jet, Kawu ya riƙe min hannu ya ce hurawa ake yi, tagulla ce mai laushi, in ramin ya ƙara faɗi ko kaɗan motar za ta riƙa shan mai har abada. Abu na ƙarshe da ya ƙara shi ne 'yar filtar roba mai garai-garai a kan tiyo kafin famfo, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba, domin duk dattin da ya rage a gan shi da ido tun bai isa kafireto ba.

Ranar da aka janye yajin aiki mai ya dawo naira 97, na bi layi na zuba rabin tanki. Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, Kawu a gaba, Inna a baya za ta gaida ƙanwarta da ta haihu. Muka wuce Jaji, muka wuce Maraban Jos, muka shiga ta Kawo, motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Daga can muka biya Panteka muka sayi faifan kuloci, domin Kawu ya ji yana santsi a hawan gada tun a hanya. A dawowa ne ya kawo maganar in yi mata fenti in shiga layin haya a tasha, maganar da babban yayanmu ya ce sam bai yarda ba, ɗan Malam mai digiri ba zai yi lodin fasinja ba. Yadda muka kwashe da shi, da yadda Inna ta raba gardamar, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.