Katin Kirsimeti ga tsofaffin unguwarmu

Nan Ingila a Disamba ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu ga sanyi kamar me, tsofaffi da yawa kuma su kaɗai ne a gida. Da maƙwabta suka ce a rubuta musu katin Kirsimeti na ce har da ni. Rubutu manya-manya muka yi saboda ido, muka bi gida-gida muna zurawa ta ramin wasiƙa. Wata tsohuwa mai sanda ta buɗe ƙofa ta tsare ni da hira, wai ɗanta yana Ostireliya sai dai waya. Mu da sallah jikoki ke cika ɗakin kaka, ita kuwa kati ɗaya wallahi sai murna take har da cewa in dawo shan shayi.