Tsarabar Suwidin: ƙasar da ba a taya kaya

Na sauka Stockholm da takardun kurona sababbi fil a jaka, amma shagon farko da na shiga sai yarinyar ta nuna mini wata sanarwa a jikin teburinta: ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Haka a gidan shayi, haka a bas. Mai masaukina 'yar Damagaram ce, aminiyar babbar yayata, aure ya kai ta can tun da daɗewa. Ta ce, "Ƙanwata, mayar da kuɗinki jaka. Kuma kada ki taya kaya a kanti, abin da aka rubuta shi ne kuɗinsa, har da harajin gwamnati a ciki." Harajin nan kashi 25 cikin 100 ne a kan tufafi da kayan gida.

Rashin ciniki ya dame ni har na baro ƙasar. A wurinmu ciniki gaisuwa ce: ki taya, a ce albarka, a tambayi yara, a sallama, a yi miki gyara. Can kuwa mai shago zai ɗago kai ya ce "hej", shi ke nan, ya koma aikinsa. Ba mai jan mayafinki, ba mai rantsuwa cewa faɗuwa ya yi, wannan kam na yaba. Sai dai gaisuwar kalma ɗaya ta yi wa baƙo kaɗan.

Kafin na tafi, a zatona kayan mutanen nan duk fari ne da toka-toka, irin na IKEA, kamfaninsu na kayan ɗaki. Shagon Svenskt Tenn da ke titin Strandvägen, a bakin ruwa, shi ya canza mini tunani. Wata mata, Estrid Ericson, ta buɗe shi a 1924 da kayan kuza. Daga baya Josef Frank, Bayahude mai zanen gine-gine da ya baro Ostiriya a 1933, ya zo ya riƙa zana mata yaduka da kujeru, kuma har yau zanensa ake bugawa. Furanni manya-manya, tsuntsaye, inabi, ganye yana hawa kan ganye, ja da kore da shuɗi a kan lilin mai kauri. Na shafa shi, na juya bayansa, launin ya zauna ɗas, babu inda ya zarce layi. Da na duba kuɗin sai na saki yadin a hankali: mita ɗaya ya fi turmin atamfa mai kyau a Kantin Kwari. Ƙaramin tire na katako mai irin wannan zane na iya ɗauka. Duk da haka ma'aikaciyar ta naɗe mini shi da natsuwa, ba ta nuna mini cewa ɗan abu na saya ba.

Shagon da ya fi tsaya mini a rai shi ne Iris Hantverk. Buroshi suke sayarwa: na wanke kwanuka, na goge takalmi, na share tebur, na wanka. Makafi da masu raunin gani ne ke ɗaura gashin da hannu, tsagi bayan tsagi, a jikin katakon da aka goge sumul, wasu da gashin doki. Na daɗe riƙe da guda ɗaya ina tuna makafinmu masu tufkar igiya a bakin kasuwa, waɗanda muke taya igiyarsu a wulaƙance, muna ganin taimako muka yi. A nan an ba aikin shago a tsakiyar birni, an sa masa kuɗin da ya dace, mutane suna saye saboda kyansa. Na ɗebi na wanke kwanuka da yawa, su ne tsarabar 'yan'uwa mata.

A tsohon gari, Gamla Stan, na haɗu da mutum ɗaya tak da ya ɓata mini rai. Shagon tsaraba ne cike da jajayen dawakin katakon nan da aka san ƙasar da su, araha ƙwarai. Na juya cikin dokin ban ga takardar maƙera ba, sai na tambaye shi a ina aka yi. Ya karɓe daga hannuna ya mayar kan kanta, ya ce in ba saye zan yi ba in ba wasu wuri. Mai masaukina ta kama hannuna muka fita. Ta ce, "Rabu da shi, na gaske a yankin Dalarna ake yi, kuma zan kai ki."

Ta cika alkawari, har kuɗin jirgin ƙasa ta hana ni biya. Muka sauka Mora, muka ƙarasa Nusnäs, ƙauye a bakin tafkin Siljan, gidaje duk jan fenti. Ƙofar masana'antar a buɗe take ga baƙi. Da zarto ake fitar da siffar dokin, masassaƙa su gyara shi da wuƙa, da yawansu a gidajensu, a tsoma shi cikin fenti, a goge, a sake tsomawa. Na tsaya kan wata mata mai zanen sirdi da linzami. Launi biyu take ɗebowa a buroshi ɗaya, ta murza shi tsakanin yatsu, sai ga fure ya fito da fari a gefe, kore a ciki. Ba ta zana da fensir tukuna ba, hannunta ne ya haddace. Dokin ya yi suna a duniya ne bayan an kai shi baje kolin New York a 1939. Ɗan ƙarami da bai cika tafin hannu ba ɗaruruwan kurona ne, amma wanda ya ga hannu nawa ya bi ba zai ce an cuce shi ba. A Mora na saya wa maigida wuƙar garin, mai jan kota.

Araha tana wurin gwanjo. Su ba sa jin kunyarsa ko kaɗan, za ki ga mace da shiga ta alfarma tana tona kaya a Myrorna. Ranar Lahadi kuma ana baza tsofaffin kaya a dandalin Hötorget, nan ne kaɗai na ji an rage kuɗi. Wata tsohuwa mai tangaran ta ga ina jujjuya kofunan Gustavsberg, ta rage mini, sannan ta ɗora mini ƙaramin faranti a kai, ta naɗe su da jarida da hannunta mai rawa. Na yi mata godiya da Hausa, ta yi murmushi.

Tufafi ba su burge ni ba. Kamfanin tufafi na H&M nasu ne tun 1947, amma duba wuyan riga ki ga yawanci a Asiya aka ɗinka. Jakar Kånken, wadda aka ƙirƙiro a 1978 don bayan 'yan makaranta, ita na saya wa auta, sai bargon ulu ɗaya.

Garin Kosta, inda ake hura gilashi tun 1742, wucewa kawai muka yi, na kalli masu hurawa, tsoron fashewa ya hana ni ɗaukar komai. A filin jirgi na miƙa takardun haraji da fasfo, kayan ba a taɓa amfani da su ba kamar yadda doka ta ce. Ba duka harajin ake mayarwa ba, masu shiga tsakani suna cire nasu. Abin da ya dawo, da shi na biya kuɗin ƙarin nauyin akwati.