Alhamdulillahi, an sallami Umma

Jiya da yamma muka dawo da ita gida. Sau uku ina ɗaukar waya in rubuta godiyar nan barci yana sace ni, don haka wanda bai ga amsar saƙonsa ba ya yi mini afuwa.

Kun bi mu tun muna zaton gyambon baki ne kawai, ba sai na maimaita ba. Minti ɗaya ne ya ƙi fita daga raina. Likitar fata ta ɗora babban yatsanta a bayan Umma, wurin da a ido lafiya lau yake, ta ɗan murza. Sai fatar ta zame ta biyo yatsan kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Likitar ko gezau, ta ce alama ce sananniya, wani likitan Rasha mai suna Nikolsky ya bayyana ta tun 1896, ciwon kuma femfigus ake kiransa. Umma ta juyo ta dube ni, wai ni take ba haƙuri.

Daren nan ƙaramin likitan da ke aikin kwana ya same ni a baranda ina kuka. Maimakon ya ce in yi haƙuri ya wuce, sai ya zauna ya zaro biro, ya juya bayan takardar magani ya zana mini ƙwayoyin fata jere kamar bulo. Ya ce kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabciyarta ta wasu ƙananan maɓallai da ake kira desmosom. Daga kowane ɓangare wani furotin mai suna desmogilin yake leƙowa ya sarƙe da ɗan'uwansa, ta ciki kuma an ɗaure maɓallin da zaren wani furotin mai suna keratin. Desmogilin iri-iri ne, kowane da lambarsa, kuma yana cikin dangin furotin da ake kira kadherin, waɗanda ba sa kamawa sai da sinadarin kalsiyam, wani masanin Japan, Masatoshi Takeichi, shi ya gano su. Garkuwar jikin Umma ce ta yi ɓatan kai take kai wa desmogilin mai lamba 3 hari. Fatar cikin baki kusan da shi kaɗai ta dogara, shi ya sa ciwon ya fara ta can har ruwa ya gagare ta haɗiya. Da harin ya kai ga mai lamba 1, sai jiki ya ɗauka.

Na tambaye shi abin da ke cina: to zuciyarta fa, ita ma za ta warware? Ya yi murmushi. Ya ce zuciya tana da irin waɗannan maɓallan, amma nata desmogilin mai lamba 2 ne, ciwon ba ruwansa da shi. Ya ƙara da cewa layin ƙwayoyin da ke can ƙasa da wata ƙugiya daban yake manne, yana nan daram, daga shi sabuwar fata za ta tofo. Wallahi a daren na fara barci. Takardar tana cikin jakata har yanzu. Likita, ka ce kada in ambace ka, ban faɗi suna ba, amma Allah Ya san ka. Allah Ya ɗaukaka ka, Ya jiƙan magabatanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Sista mai aikin safe, wadda takan jiƙa bandeji da ruwan gishiri ta tsaya tana jira ya saki da kansa don kada ya ɗaye fata, tana jan Umma da hira har a gama, Allah Ya ba ki 'ya'ya masu jinƙan ki. Yaya babba da ya ajiye aikinsa, Gwaggo da ta yi ta kwana a kan kujera da ciwon bayanta, ƙanwata da ta riƙe lissafin awon suga tun da firednisolon, maganin da ake ba Umma, ya tayar da shi, Allah Ya saka muku da Aljanna. An ce kafin a samu irin wannan magani a shekarun 1950 yawancin masu ciwon ba sa tashi. Duk wanda ya yi mana addu'a, a sarari ko a ɓoye, Allah Ya amsa masa tasa, Ya raba ku da ganin naku a wannan hali, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi.

Ciwon nan ba a ɗaukarsa, na faɗa tun makon farko. Duk da haka akwai na jiki da suka tsaya daga bakin ƙofa, akwai waɗanda ko ƙofar ba su gani ba. Sau biyu Umma tana tambayar su, na ce mata aiki ne ya yi musu yawa. Ba komai.

Magani da saura, a hankali za a riƙa rage shi, don Allah kada wani ya ba ta shawarar dainawa. Mai zuwa dubiya ya wanke hannu, kuma kada a rungume ta da ƙarfi tukuna. Bakin ya warke, hira take nema.