Yinin da na yi da ƙwayoyi masu faɗi

Yau na yini a kan tsarin lissafin da ake kira TASEP, wato layi mai gurabe a jere, inda kowace ƙwaya take matsawa gaba kawai, kuma ba ta shiga gurbin da wata take ciki. MacDonald da Gibbs da Pipkin ne suka fito da shi a 1968 domin bayyana yadda ribosom, wato ɗan injin da ke cikin ƙwayar halitta, yake bin zaren mRNA mai ɗauke da umarnin gado yana haɗa furotin, kuma tun a lokacin sun lura cewa ribosom ba ɗigo ba ne, domin yana rufe kusan kodon 10, wato gurabe 10 na zaren, a lokaci guda.

Da safe komai ya tafi daidai. Idan ƙwaya tana cin gurbi ɗaya, iyakar kwarararta, wato mafi yawan ƙwayoyin da suke wucewa a kowane ma'aunin lokaci, 1/4 ce. Da na mayar da faɗinta gurabe 9, sai kwamfuta ta ba ni kusan 1/16, kamar yadda ƙa'idar 1/(1+√ℓ)² ta nuna, inda ℓ yake nufin faɗin ƙwaya.

Matsala ta taso ne da na bai wa ƙwayoyin damar ɓallewa daga tsakiyar layi. Wannan ba ƙawa ba ce, domin kinesin, furotin mai dakon kaya a kan zaruruwan cikin ƙwayar halitta, wanda takunsa nanomita 8 ne, yakan yi taku kusan 100 kafin ya saki hanyarsa. Ina kunna shirin sai layin ya toshe, kwarara ta mutu murus. Sai da yamma na gano cewa laifina ne: idan ƙwaya ta ɓalle, gurbinta na gaba kaɗai nake sharewa, sauran 8 suna nan a rubuce kamar da mai su.

Kuskuren ya sa na ajiye kwamfutar, na ɗauko takarda mai gida-gida, na yanka ƙananan tsiri masu rufe gida 3 kowanne, na jera su a layi guda. Da na ɗaga tsiri ɗaya, gida 3 suka buɗe lokaci guda. Da na zo mayar da shi bayan na tura na baya gaba, sai na tarar da gidaje 6 babu kowa, amma a warwatse, ɗaya nan, biyu can, babu inda zai zauna. A nan ne abin ya zauna mini: fita ba ta da sharaɗi, shiga kuwa sai an sami fili a haɗe. Saboda haka daidaiton da ke tsakanin ƙwaya da gurbin banza, wanda yake sauƙaƙa lissafin ƙwaya mai gurbi ɗaya, ya rushe, kuma a ganina duk wanda ya yi watsi da faɗi zai ƙiyasta shigar ƙwayoyi cikin layi fiye da yadda take.

Parmeggiani da Franosch da Frey sun nuna a 2003 cewa shiga da fita a tsakiya suna iya tsayar da iyakar da ke tsakanin ɓangaren cunkoso da na sarari a wuri guda, maimakon ta riƙa yawo. Na gyara shirin kafin dare, kuma gobe zan auna inda iyakar take tsayawa a faɗin 1 da 2 da 9.