Gwendoline da hukuncin ɗakin kwana

A makon jiya, ina kakkaɓe wata tsohuwar akwati, na ci karo da littafin farko na jerin Malory Towers, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja, sunana kuma yana nan a shafin farko da rubutun ƙuruciya. Na zauna da niyyar in duba shafi biyu kawai, amma ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Marubuciya Enid Blyton ta fitar da littattafai 6 a wannan jeri tsakanin 1946 da 1951, inda ta bi wata yarinya mai suna Darrell Rivers tun daga ranar da ta hau jirgin ƙasa zuwa makarantar kwana ta 'yan mata a gaɓar tekun Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila, har zuwa zangonta na ƙarshe. Ba ita ta fara irin wannan rubutu ba, domin Angela Brazil ta riga ta tun farkon ƙarni na 20, jerin Chalet School na Elinor Brent-Dyer kuma ya fara fitowa a 1925. Sai dai nata ne ya iso hannuna, kuma shi ya sa na ƙwallafa rai a kan makarantar kwana tun kafin in san ɗacinta. Makarantar tana da hasumiyoyi huɗu inda ɗalibai ke kwana, da wurin iyo a cikin duwatsu wanda ruwan teku ke cikawa. Lokacin da na shiga tawa makarantar, abin da na tarar shi ne layin bokitai a bakin famfo tun da asuba, walimar tsakar dare irin wadda 'yan matan littattafan ke yi a ɓoye kuwa, tamu ba ta wuce garin kwaki da ƙuli-ƙuli a bayan katifa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan karatu na biyu shi ne Gwendoline, 'yar ajin su Darrell. Da ina ƙarama na tsane ta kamar yadda aka shirya mini in tsane ta: 'yar gata ce da aka sangarta, mai yawan taje gashi da kukan gida, wadda ba ta iya wasa ba, ba ta kuma son ruwan sanyi. Laifinta ba ƙarami ba ne, domin ita ce ta danne matsoraciyar Mary-Lou a cikin ruwa har Darrell ta fusata ta kwaɗa mata mari, daga baya kuma ta farfasa alƙalamin yarinyar ta laƙa wa Darrell. Amma yanzu da na haifa na lura cewa tun kafin ta aikata komai, ranar da aka gan ta tana sharɓar hawaye wajen sallama da mahaifiyarta, sauran 'yan matan sun riga sun yanke mata hukunci. Alicia mai kaifin harshe tana yi mata ba'a a bainar jama'a, littafin kuma yana gayyatar mai karatu ya taya ta dariya.

A duniyar Blyton malamai ba su cika shiga tsakani ba. 'Yan matan ne ke shari'a da kansu, babban laifi a wurinsu shi ne kai ƙara wurin malama, hukunci mafi tsanani kuma shi ne ajin gaba ɗaya ya ƙaurace wa mutum, ba magana, ba amsa gaisuwa. A nan marubuciyar ta faɗi gaskiya, domin na ga an yi wa wata yarinya haka a ɗakinmu kan sabulun da ya ɓata, kuma ina cikin waɗanda suka kame bakinsu har mako guda. Inda na raba gari da ita shi ne yadda take nuna cewa taron yakan yi daidai a ƙarshe. Sabulun namu an same shi a bayan akwatin mai shi, kuma babu wadda ta je ta ba da haƙuri.

A littafi na shida mahaifin Gwendoline ya kwanta ciwo mai tsanani, dole ta bar makaranta ta nemi aiki, sai a lokacin Darrell ta tausaya mata. 'Yata ta ɗauki littafin farko jiya da daddare, yau da safe kuma ta same ni a kicin tana cewa, “Umma, wannan Gwendoline ɗin ba ta da kirki ko kaɗan.” Na ce mata ta koma babin farko ta sake duba wanda ya fara tsokanar wani.